Likita a Akwatin Shaida

Mu da muke sana'ar fiɗa, babu takardar da ke sa gabanmu faɗuwa kamar wasiƙar lauya mai neman mu duba fayil ɗin wani majiyyaci, mu faɗa wa kotu ko likitan da ya yi masa aiki ya yi sakaci. Alƙali bai san yadda ake ɗaure jijiya ba, lauya bai taɓa buɗe ciki ba. Shi ya sa Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wahalar ita ce ba mu da yawa, kuma mun san juna. Wanda ake ƙara, ko malaminmu ne, ko abokin karatu, ko wanda gobe za mu turo wa mara lafiya. Idan muka ce ya yi kuskure, a ce mun tona asirin gida. Idan muka rufe, akwai matar da aka manta auduga a cikinta, tana fama da ruɓa, danginta sun sayar da gona, kowa na ce mata ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara. Amma ƙirga auduga kafin a ɗinke ciki aikin mutum ne.

Ma'aunin da aka koya mana daga Ingila ya fito. A 1957, wani majiyyaci mai suna John Bolam ya kai ƙarar asibitin Friern, bayan ƙasusuwansa sun karye yayin da ake masa magani da lantarki ba tare da an ba shi maganin sassauta tsoka ba. Mai shari'a McNair ya ce likita bai yi sakaci ba muddin akwai rukunin likitoci masu mutunci da ke ganin hanyarsa daidai ce. Bolam ya faɗi ƙara. Wannan hukunci ya ɗora kusan duk nauyin a bakinmu: in wasu daga cikinmu suka ce haka ake yi, magana ta ƙare. Sai a 1997, a shari'ar Bolitho, kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta ce alƙali na da ikon watsi da ra'ayin likitoci idan bai shiga hankali ba.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. A Amurka, inda ake biyan shaidu ƙwararru kuɗi masu kauri, ƙungiyar likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa ta dakatar da Dakta Donald Austin na wata shida saboda shaidar da ya bayar a kan wani likita, wadda ta ce ba ta da tushe a ilimi. Ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan ƙungiyar a 2001. Har yau ana muhawara: tsaftace shaida aka yi, ko tsorata masu son magana?

Tsakanin waɗannan biyu muke tsaye. Mun san yadda ɗakin tiyata yake da ƙarfe uku na dare, wuta ta ɗauke, jini na zuba, babu wanda za a ƙara wa majiyyaci. Ba kowace mutuwa ce sakaci ba, kuma wajibi ne mu faɗi haka ko da dangi za su ji haushi. Haka nan idan fayil ya nuna an bar mai ciwo awa goma ba wanda ya leƙa shi, wajibi ne mu faɗa ko da abokai za su daina gaishe mu.

Lauyan da ya kira mu shi ke biyan kuɗin mota da na lokaci, amma kotu muke wa shaida. Wata rana mu ma za a gungura mu ɗakin tiyata a kan gado, kuma wanda zai riƙe wuƙar ya taso ne a kan abin da ya ga mun yarda a rufe.