Iyakar takarda da iyakar naƙuda

A shekarar 2011 hukuma ta yanke Gazawa daga Agye, ta mai da ita gunduma mai cin gashin kanta. A bisa taswira abin ya yi kyau. Amma matar da naƙuda ta tsananta mata cikin dare a wata rugar da ke nesa da kwalta ba ta san zanen taswira ba. Abin da ta sani shi ne amalanken shanu, da rairayi, da jiran motar asibiti.

Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne: daga ƙaramar likitar ƙauye zuwa CSI, sannan asibitin gunduma, sannan babban asibitin Maraɗi. Kowace motar ɗaukar marasa lafiya tana bin gundumar da ta mallake ta. A nan ne gizo ke saƙa. Tibirin Gobir na ƙarƙashin Gidan Rumji, alhali kuwa Maraɗi ce a bakin ƙofarta.

Tun shekarar 2005 aka yafe wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, amma man mota bai shiga cikin yafiyar ba. Shi ya sa wasu gundumomi suka ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita domin asusun jigila.

Idan za a sake shata iyakokin waɗannan motoci, kamata ya yi a auna da sa'o'in tafiya, musamman na damina, a bar mota mafi kusa ta amsa kira. Jinin mai haihuwa ba ya jiran sa hannun wata gunduma.