Hutu a Bakin Ruwan Tomas



Duk wanda ya yi bazara a birnin Kano ya san gajiyar da muke nufi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wuta ta zo ta tafi, ƙarar janareta ta hana kunne sakat har tsakar dare. Yawancinmu kwana shida muke aiki a mako, wasu a shagunan Sabon Gari, wasu a makarantu, wasu a asibiti. Shi ya sa da aka kawo shawarar mu yi adashi mu sayi fili a bakin ruwa, mu gina ɗan gidan hutu, babu wanda ya yi musu. Sharaɗinmu ɗaya ne: ya zama wurin da za mu tashi da safiyar Asabar, mu isa kafin rana ta yi zafi.

Kano ba ta da teku, amma ruwa ya kewaye ta. Audu Baƙo, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, shi ya buɗe aikin gina madatsun ruwa a jihar. Akwai Tiga da aka gama a 1974, ga Bagauda kusa da ita, ga Watari a Bagwai, daga baya aka gama Challawa a Ƙaraye a 1992. Tunanin hutawa a bakinsu ma ba yau aka fara shi ba. An gina otal ɗin Rock Castle a Tiga, an gina wani a Bagauda, wanda yanzu ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa.

Mu dai arewa muka nufa, zuwa madatsar Tomas a ƙasar Ɗanbatta, domin wasu cikinmu sun yi karatu a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo, sun san yankin. Hanyar ba ta da wuya. In ka bar Dawanau ka kama titin Kazaure da Daura, gonaki ne dama da hagu, gawo da ɗorawa da kuka tsaye a cikinsu, ƙauye na hangen ƙauye. Ko ina ka duba, wani ya riga ya sa fartanya.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga nesa bakin ruwa fili ne kawai mai iska mai daɗi. Da muka matso, muka zauna da mutanen wurin, sai muka fara ganin abin da ke cikinsa.

Na farko, bakin ruwa ba ya zama wuri ɗaya. A ƙarshen damina, wajen Agusta da Satumba, ruwa kan cika ya hau gonaki. Da rani sai ya ja baya, ya bar danshi. Inda ka tsaya a watan Afrilu kana cewa nan za a sa ƙofar ɗaki, can masunci zai wuce da kwalekwalensa bayan wata biyar. Iyayenmu kuma ba su manta da 1988 ba, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa.

Na biyu, ruwan da ke kwance yana da nasa haraji. Sauro ba ya rabuwa da shi, katantanwar da ke yaɗa tsargiya kuma a irinsa take zama. Mai son wanka a ciki sai ya yi tunani sau biyu.

Na uku, maganar takarda. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kuma gefen madatsa akan bar wa hukumar da ke kula da ita. Gonar ƙauye kuwa galibi gado ce, magada da yawa ke da haƙƙi a kai. Hannu ɗaya ya karɓi kuɗinka, gobe hannu biyar su zo da ƙara.

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da haƙuri da kuɗi. Abin da ya tsaya mana a rai daban ne. An haɗa mu da wani dattijo mai gona a gangaren ruwa, ya yarda zai sayar. Muka durƙusa muka gaishe shi, ɗayanmu ya ce, "Baba, in ka sayar, ina za ka yi noman rani?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, ba don so ba ne. Uwar gidana ba ta da lafiya, ga auren yarinya ya matso. Kuɗinku wata shida za su yi a hannuna. Gonar nan kuwa tun ina saurayi take ba ni albasa da tumatir, ba ta taɓa cewa ta gaji ba."

A nan lissafin ya fito fili. Mu za mu kwana a gidan nan watakila sau goma a shekara, sauran kwanakin yana kulle da kwaɗo. Shi kuwa gidansa gaba ɗaya daga wannan taƙi yake ci. Katangar da za mu ja za ta tare hanyar da mata ke bi ɗiban ruwa, da inda Fulani ke gangarowa da shanu, da inda masunta ke shanya taru. Hutunmu zai zama ƙarin wahala a wuyan mutanen da suka fi mu gajiya. Cinikin halal ne a gaban doka, amma zuciya ba ta kwanta da shi ba.

Ba mu saya ba. Abin da muka yi, mun je wurin mai unguwa muka nemi izini, don da ɗan gari akan ci gari. Yanzu mukan ɗauki mota ɗaya, mu tafi da tabarmi da ruwan sha, mu shimfiɗa a gindin tsamiya. Mukan sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta, matan ƙauyen su soya mana mu biya su. Mai kwalekwale ya zaga da masu ƙarfin hali. Wayoyi kuwa cikin jaka ɗaya ake tara su har la'asar. Daga kuɗin adashin muka cire abin da ya sawwaƙa muka kai wa Baba don magani, gonarsa kuma tana hannunsa. Kafin mu tashi mukan tsince ledojinmu, domin baƙo raɓa ne, bai kamata ya bar tabo ba.

Mun gane cewa abin da jikinmu ke roƙo shi ne iska, da shiru, da zama da juna babu gaggawa. Duk mun same su ba tare da mun sa tubali ko ɗaya ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in gajiya ta sa ka fara mafarkin wurin hutu naka na kanka, ba laifi ba ne. Amma kafin ka auna fili, tambayi wanda ke ci daga cikinsa, ka kuma tambayi kanka ko za ka iya barci a ɗakin da ya raba wani da abincinsa.

Allah ya ba mu hutu mai albarka, ya kuma ba manoman Tomas damina mai kyau.