Ma'aunin da Ke Ƙarya da Lambobi Huɗu

A Amurka akwai maharba da 'yan gasar harbi da ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba bindiga. Sukan tsince shi, su wanke, su mayar da shi siffarsa ta asali, su sake ɗura masa albarushi da sabon kai. Dokar ƙasarsu ta yarda da haka, saɓanin tamu a Najeriya wadda ta hana mutum ya haɗa harsashi a gidansa. Ba ni da bindiga, kuma harbi bai taɓa ba ni sha'awa ba. Abin da ya ja ni ga waɗannan mutane shi ne irin muhawarar da suke tafkawa a kan wani ɗan ma'auni mai muƙamuƙi biyu, wanda ake kira kalifa, da tambayar da ke ƙarƙashinta: yaushe ne mutum zai amince da lambar da na'ura ta nuna masa?

Dalilin damuwarsu a fili yake. Kwanson tagulla yakan ƙara tsawo kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka harba shi aka kuma gyara shi. Ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka, ta iyakance tsawon kwanson samfurin .308 Winchester a kan inci 2.015, masu sana'ar kuma sukan datse shi zuwa 2.005. Tazarar da ke tsakani ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. Idan kwanso ya zarce iyaka, bakinsa na iya cushewa a maƙogwaron bindiga ya shaƙe kan harsashin, matsin iska ya haura. Matsin da aka halatta wa wannan samfuri ya kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, kusan ninki dubu biyu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma duk wannan yana faruwa ne dab da fuskar mai harbi. Wanda ma'auninsa ya yaudare shi, da idonsa ko yatsunsa zai biya.

Kalifa iri uku ne. Mafi tsufa shi ne mai layuka, wanda ya samo dabararsa daga Bafaranshe Pierre Vernier a 1631: ƙaramin ma'auni yana zamewa a jikin babba, inda layukansu suka dace nan ne amsa. Ba ya buƙatar batir, ba ya da haƙoran da za su lalace, sai dai yana neman ido mai kaifi. Na biyu yana da fuska irin ta agogo, allura tana juyawa a kan ƙananan haƙora. Ɗan ɓurɓushin tagulla ɗaya ya isa ya sa allurar ta tsallake. Na uku, wanda ya fi yawa a yau, yana da allon lambobi.

A nan ne ruɗani yake shigowa. Allon kalifa mai araha da na mai tsada duk suna nuna lambobi huɗu bayan ɗigo, har zuwa rabin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Amma abin da allo ke iya rubutawa daban, abin da na'urar ke iya tabbatarwa daban. Hatta manyan kamfanoni kamar Mitutoyo na Japan, wanda aka kafa a 1934, da Starrett na Amurka, wanda ya fara a 1880, abin da suke alkawari a kan kalifa mai inci 6 shi ne kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba, sama ko ƙasa. Lambar ƙarshen nan ta allo kusan ado ce. Kuɗin da mutum ya ƙara a kan mai kyau yana sayen abu ɗaya ne: idan ya auna abu sau goma, amsa ɗaya zai samu sau goma. Mai araha kuwa yakan ci batir ko a kashe yake, idan batir ya yi sanyi lambobinsa su fara yawo, kuma ba zai nuna wata alamar shakka ba. Araha ba ta ado. Tsada ma ba hujja ba ce, domin jabun Mitutoyo sun cika kasuwannin intanet, kyan ɗan maciji ke nan.

Na san wannan na'ura tun ina yaro, a shagon kawuna da ke fiƙe ƙarfe yana yi wa injunan niƙa kayan gyara. Kalifarsa mai layuka ce, tana kwana cikin tsumma mai ɗan mai, kuma almajiransa ba sa taɓa ta sai da izini. Yana da wani guntun ƙarfe da ya san kaurinsa, kullum da safe shi yake fara aunawa kafin ya auna aikin kowa. Sai da na girma na gane cewa abin da yake yi shi ne abin da manyan masana'antu ke yi. A 1896 wani Baswide mai suna Carl Edvard Johansson, wanda ke aiki a masana'antar bindigogi ta Eskilstuna, ya fito da dabarar tubalan awo: ƙananan guntayen ƙarfe da aka goge har kaurinsu ya zama abin dogaro, domin a riƙa gwada ma'aunai da su. Henry Ford ya ɗauke shi aiki a 1923. Ashe shi ma ma'auni sai an auna shi.

Saboda haka gogaggun masu ɗurin harsashi ba sa fara duba suna ko farashi. Sukan goge muƙamuƙan, su rufe, su ɗaga zuwa ga haske. Idan haske ya ratsa, bakin bai haɗu ba. Sukan buɗe su rufe sau da yawa su ga ko sifili zai dawo sifili. Sukan ja shi daga farko zuwa ƙarshe su ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Sannan su auna tubalin da aka san girmansa a wurare daban-daban na tsawon ma'aunin. Hannu ma yana da nasa rabon: danna babban yatsa da ƙarfi na iya sauya amsa, haka nan aunawa da tsinin muƙamuƙi maimakon cikinsa. Zafi ma haka, shi ya sa aka tsayar da digiri 20 a matsayin yanayin da ake awon ƙa'ida a duniya. Kuma idan aiki ya buƙaci abin da ya fi kashi ɗaya cikin dubu ƙanƙanta, sukan ajiye kalifa su ɗauki maikuromita, domin kowane ma'auni yana da iyakarsa.

Aikina na jarida ya cika da alƙaluma: kasafin kuɗi, hauhawar farashi, yawan waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Na lura cewa lamba mai ɗigo da wutsiya tana shiga zuciyar mai karatu fiye da dunƙulalliya. Idan aka ce kashi 34.19 cikin ɗari, sai a ɗauka an ƙirga komai ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce kusan sulusi, sai a ga kamar kintace ne, alhali sau da yawa na biyun ya fi kusa da abin da aka sani da gaske. Bambancinmu da mai ɗurin harsashi shi ne, shi kuskurensa a fuskarsa yake fashewa, mu kuwa namu a kan wasu yake sauka, mutanen da aka yi musu rabon magani ko hatsi bisa lambar da ba wanda ya gwada.

Shi ya sa yanzu idan aka miƙo mini rahoto mai kyawawan alƙaluma nakan yi tambayoyin da mai sayen kalifa ke yi. Wa ya auna? Da me ya auna? Idan wani ya sake aunawa gobe, wannan amsar zai samu? Wanda ya yi aikinsa da gaske ba ya jin haushin tambayar, yakan ma faɗi iyakar kuskurensa tun kafin a nema.