Ranar Da Muka Yanka Haɓar Motar Baba

Jama'a masu karatu, a wannan wata muna roƙon ku yi haƙuri mu ajiye alli da allo mu shiga garaj. Dalili kuwa, tun da aka fara ganin motar marigayi mahaifinmu tana yawo da rami a ƙarƙashin bamba, ba mu huta da tambaya ba. An tare mu a bakin Kasuwar Kongo, an tare mu a ƙofar lekol, har wani dattijo abokin Baba ya riƙe hannunmu ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, kai ne za ka tsaga wa motar ubanka baki?" Mun ga gara mu ba da amsa sau ɗaya a rubuce, kowa ya ji.

Duk wanda ya tashi a New Bell ya san Peugeot 504. Ita ce ta yi ta jigilar iyayenmu zuwa Bafoussam da Foumban, ita ce kuma 'yan'uwanmu na Najeriya suka riƙa haɗawa a Kaduna shekaru masu yawa. Amma ta Baba ba irin waccan ba ce. Ita mai ƙofa biyu ce, wadda ake kira kufe, ƙirar 1972, mai fitilu huɗu a gaba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera gangar jikinta, sannan aka kai Faransa aka sa mata inji. An fara fito da irinta a 1969, aka daina a 1983. A 1978 wani Bafaranshe, Jean-Pierre Nicolas, ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kwaddebuwa da ƙanwarta mai silinda shida. Baba bai taɓa yin tsere ba, goro yake saro wa daga ƙasar Banso, amma wannan labari ya haddace shi, kuma duk baƙon da ya yaba motar sai ya sha shi daga farko har ƙarshe.

Ya saye ta a 1986 daga hannun wani Bature da ya gama aiki a tashar jirgin ruwa zai koma gida. Muna yara ƙanana lokacin. Aikinmu ne wanke ta ranar Juma'a da safe, kuma wanda ya bar sabulu ya bushe a kan gilashi ya san abin da zai gamu da shi.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa a 2016, motar ta shiga cikin gado. Ta yi shekara uku a ƙarƙashin rumfa, ƙafafu sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Mu ne muka roƙi Yayanmu da ƙannenmu mata a bar mana ita, a yi mata kuɗi, mu riƙa biyan kowa rabonsa a hankali daga adashin malamai. Aka yarda. A riƙe wannan magana, domin ita ce tushen rigimar da ta biyo baya: ranar da muka tayar da injin, ba mu gama biyan kowa ba.

Matsalar ta bayyana wata ranar Lahadi cikin watan Maris, lokacin da zafin Douala ke dafa mutum a cikin rigarsa. Mun kai Inna gaisuwa Nkongsamba, mun dawo lafiya, mota tana ta gudu kamar ba ta tsufa ba. Muna haye gadar Wouri daga Bonabéri sai muka faɗa cikin cunkoso a shataletalen Deïdo. Ga 'yan benskin ta ko'ina, ga wannan dogon mutum-mutumi da Joseph-Francis Sumégné ya haɗa da tarkacen ƙarafa a 1996 yana kallonmu daga sama. Nan jar fitilar baƙin mai ta fara ƙyaftawa. In muka taka totur ta mutu, in muka ɗaga ƙafa ta dawo. Abin mamaki, allurar ruwa tana nan a tsakiya, ba ta motsa ba. Inna ta ga mun yi shiru muna ta gumi, ta ce, "Kai, lafiya?" Muka ce lafiya lau. A zuci kuwa muna duban mutum-mutumin nan muna cewa, in ba a yi sa'a ba, motar Baba can za ta ƙare a jikin irinsa.

Washegari muka kai ta wurin wani tsohon makanike a bayan Deïdo, Bamileke ne, ya tsufa a kan Peugeot. A nan malami ya koma ɗalibi. Mu da muka fito daga makarantar horon malamai, muna koya wa yara cewa zafi yana narkar da man shanu, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa haka baƙin mai yake ba. Papa, haka kowa ke kiransa, ya ce mutane sun ɗauka ruwa kaɗai ke sanyaya inji. Ruwa yana zagaya saman inji da gefen silinda, amma can ƙasa, inda babbar sandar inji ke juyawa a kan kusine, mai ne ke kwashe zafin. In mai yana tsakanin digiri 90 da 110, yana cikin jin daɗinsa. In ya haura 120 ya doshi 130, sai ya tsinke ya zama kamar ruwan shayi, famfo ya tura shi ya zube ta ko'ina ba tare da ƙarfi ba. A kan hanya inji na juyawa da sauri, famfo na rufa asiri. Da an tsaya a cunkoso da mai mai zafi, asiri ya tonu, fitila ta kama.

Ya ɗaura mata agogon zafin mai, muka je Mbanga muka dawo. Allura ta kai 128.

A nan dole mu yaba wa wannan tsoho, domin bai yi mana irin ta masu neman kuɗi ba. Ya ce, "Mushe, kada in ruɗe ka. Kusine sun ci, inji ya haura shekara hamsin. Maganin gaskiya a sauke shi a sake su. Amma ko an sake, a garin nan mai zai ci gaba da zafi. In ka sanyaya mai, ka sayi lokaci, ka kuma kare sabon aikin in ka yi shi." Kuɗin sauke inji ba mu da shi. Na ƙaramar radiyatar mai, wato abin da 'yan Najeriya za su kira lagireton mai, muna iya kaiwa.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Ana sa wani faifai tsakanin inji da matatar mai, tiyo biyu su fita daga jikinsa: ɗaya ya kai mai mai zafi cikin radiyatar, ɗaya ya dawo da shi. Papa ya dage sai mai tamostat a ciki, wanda ba ya buɗewa sai mai ya kai wajen digiri 80. Muka ce a Douala wane sanyi ake tsoro? Ya ce mai da bai yi zafi sosai ba ba ya korar laimar da ke taruwa a cikinsa, kuma garin da ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara ba ya rasa laima. Muka yi shiru.

Wuyar tana wurin da za a ajiye ta. Aka fara gwada ta a gaban radiyatar ruwa, bayan ragar gaba, inda ba sai an taɓa jikin mota ba. Mai ya sauka kaɗan, amma sai allurar ruwa ta fara hawa, saboda iskar da ke isa radiyatar ruwa ta riga ta ɗumama, an kuma tare mata hanya. Garin gyaran gira za a rasa ido. Wuri ɗaya ya rage, can ƙasa, bayan farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin bamba, wanda mu muke kira haɓar mota. Sai an yanka shi iska za ta shiga.

To a nan ne Yaya ya shigo. Akwai wani mutum daga Bonapriso da ya daɗe yana zawarcin motar, yana saye yana aikawa Turai, inda masu sha'awar tsofaffin motoci ke biyan kuɗi mai kauri. Tayin da ya yi ya ninka kuɗin da aka yi mata ranar rabon gado. Sharaɗinsa ɗaya: kada a taɓa jikinta. Kuma yana da hujja. Injin kufe ɗan'uwan na sauran 504 ne, kayansa ana tono su a Camp Yabassi. Jikinta kuwa nata ne ita kaɗai, ko ƙofa ko haɓa ta 504 mai ƙofa huɗu ba ta hawa kanta. Ka yanka, ka yanka ke nan.

Yaya ya zo gida bayan isha'i. Ya ce, "Kai ƙanena ne, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu da haƙƙina da na 'yan'uwanka mata a cikin motar nan. In ka sa mata wuƙa ka rage mata daraja, dukiyar wa ka rage?" Mun so mu yi gardama, amma gaskiya ce ya faɗa, kuma mun kwana muna juyi. Malamin firamare da ke jiran ƙarshen wata, da 'ya'ya biyar, wai shi ne zai ƙi kuɗi saboda ƙarfe. Da wani ne ya kawo mana wannan shawara, da mun ce masa ya sayar.

Abin da muka iya tunawa mu faɗa masa shi ne, Baba kansa bai bar ta yadda Bature ya ƙera ta ba. Asalinta da famfon fesa fetur na Kugelfischer ta zo. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan Faransa suka ninka kuɗi dare ɗaya, Baba ya sa aka cire shi aka ɗaura kafireta irin ta motocin haya. Fankarta ma, mai kama kanta da maganaɗisu in ruwa ya yi zafi, ya sa an ɗaure ta tana juyawa kullum. Shi mota ya ɗauke ta, abin hawa. Yaya ya ce wannan duk ƙusa ce, ana kwancewa a mayar, yanka kuwa ba ya komawa. Nan ma bai yi ƙarya ba.

Inna ce ta raba. Ba ta ce a yanka ba, ba ta ce a sayar ba. Cewa ta yi, "Ka biya 'yan'uwanka tukuna, a kan kuɗin da mutumin nan ya taya, ba a kan na da ba. In ta zama taka kai kaɗai, ko wuta ka ga dama ka sa mata." Hukuncin ya yi mana nauyi, don ya ƙara mana bashi mai yawa. Shekara ɗaya da wata huɗu muka yi muna biya, da adashi, da darasin yamma da muke yi wa yaran masu jarrabawa, da babur ɗinmu da muka sayar. Duk wannan lokaci motar ba ta wuce Akwa ba.

Toliyen da ya yi aikin Bahaushe ne mutumin Garoua, sa'an Baba, muna ce masa Baffa. Ya kwanta ƙarƙashinta ya daɗe yana ƙwanƙwasa haɓar da guduma ƙarama, sai ya kira mu. "Zo ka gani, ɗana." Ya tura sukundireba, ta shige kamar cikin burodi. Ashe ta ciki tsatsa ta riga ta cinye tsakiyar farantin, fenti da mastik ne kawai ke riƙe da mutuncinsa. Laimar Wouri ta riga mu yanka. Ba za mu ce wannan ya wanke mu ba, domin mun yanke shawara tun ba mu sani ba, amma hannunmu ya daina rawa.

Ya auna da kwali, ya zana da alli, allin da muka zaro daga aljihunmu. Rami mai faɗin santimita 35, tsayi 9, kusurwoyinsa a zagaye don kada ƙarfe ya tsage daga nan. Bai bar bakin yankan tsirara ba, ya naɗe shi ciki, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa sau biyu. Sannan ya yi abin da ya ce yawancin yara ba sa yi: ya ƙera ɗan akwatin gwangwani daga bakin ramin zuwa jikin radiyatar, don iska kada ta sulale ta gefe. Iska, in ji shi, malalaciya ce, in ta ga hanya mai sauƙi ba za ta bi ta cikin ƙananan ramuka ba. Aka sa raga saboda tsakuwa, aka ɗaura radiyatar a kan roba saboda girgiza, aka ɗaure tiyo nesa da duk wani kaifi. Mai ya ƙaru da kusan rabin lita.

Hanyar Mbanga ta sake zama wurin jarrabawa. Allura ta tsaya a 104. Muka dawo da murna, muka shiga cunkoson Deïdo, sai muka ga tana hawa a hankali. Mun manta abu mafi sauƙi: rami ba ya kawo iska in mota a tsaye take. Papa ya yi dariya har da tari, ya ɗaura mata ƙaramar fanka ta lantarki a baya, da makunni kusa da sitiyari. Tun daga ranar jar fitila ba ta sake ƙyaftawa ba.

Akwai abin da muka saya da kuɗinmu, kuma ba za mu ɓoye wa mai son kwaikwayo ba. Radiyatar tana ƙasa ƙwarai. A watan Yuli da Agusta, in ruwa ya cika titunan New Bell, ba ma fita da motar, don laka na toshe ragar, kuma dutse ɗaya a cikin kududdufi ya isa ya fasa ta mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan. Kowace safiya sai mun durƙusa mun leƙa ƙasa kafin mu tayar, ɗalibanmu da ke wucewa suna gaishe mu muna rarrafe.

Mutumin Bonapriso ya zo ya gani, ya kaɗa kai, ya rage tayinsa da kashi uku cikin goma, muka ce ba ta sayarwa ba ce. Yaya bai shiga motar ba har yau, ko da yake ranar da aka yi yankan ya aiko ɗansa ya karɓi guntun ƙarfen da aka cire, kuma an ce mana yana nan rataye a shagonsa. A watan jiya matarsa ta tambayi maiɗakinmu ko motar za ta iya kai amarya Bonabéri in an tashi bikin 'yarsu bayan damina. Mun aika a ce za ta iya. Kusine dai suna nan suna jira, kuma kwasarmu ta adashi sai Disamba.