Tukunyar da ba ta son maiƙo

A garejin da na koyi gyaran bodin mota, can wajen J. Allen a Sakkwato, komai maiƙo ne: ƙasa, benci, rigunanmu, har kofin shan ruwa. Abu ɗaya aka keɓe, doguwar baƙar tukunyar oksijin da ke ɗaure da sarƙa a gindin dogonyaro. Wanda bai wanke hannu da sabulu ba bai isa ya kusance ta ba. Tana da nata tsumma da nata sifana, kuma ba a aron su ko da maigida ya tafi masallaci.

Wata rana wani sabon yaro ya ga kan tukunyar ya cije, ya ɗebo baƙin mai zai ɗiga masa. Maigida ya yar da guduma ya finciko shi.

"Kai yaro, mi niy yi maka? Kashe mu za ka yi?"

"Yi haƙuri, Maigida, so nike ya saki."

Bayanin ke nan da muka samu. Maigida bai yi boko ba, amma ya san ta ido: jan tiyo na gas ɗin da ke ci, ɗayan na oksijin, kuma notin ɓangaren gas da hagu ake ɗaure shi don kada a haɗa su a juye. In ana zargin yoyo, kumfar sabulu ake shafawa, a tsaya ana kallon inda za ta yi ƙwai.

Sai da na manyanta na ji dalili, daga bakin ƙanen wani abokina da ke aikin nutso a teku wajen Fatakwal. Oksijin ba ya ci da kansa, amma in yana danne a tukunya aka buɗe shi da gaggawa, zafin da ke tashi ya isa ya kunna ɗigon mai ba tare da ashana ba, har ƙarfen ya kama. Su kuma masu nutso da gangan suke ƙara oksijin a tukwanensu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Tasu, wadda suke kira Nitrox, takan kai 32 ko 36, don su daɗe a ƙasa jininsu bai cika da naitirojin ba. Sau da yawa tsantsar oksijin ake fara ɗurawa kafin a cike da iska, shi ya sa dole a kwance kan tukunyar gunduwa-gunduwa, a wanke ciki da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye, a busar, a haska fitilar da ke tona ragowar mai, a sauya robobi, a shafa wani giris na musamman da ba daga fetur aka yi shi ba.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne rubutu. Ana manna wa tukunya ɗamara mai ruwan ɗorawa da kore, sannan mai nutson ya auna iskar da hannunsa, ya rubuta kashi nawa ne, da kwanan wata, da sunansa, da iyakar zurfin da zai kai. Mai kashi 32 ba ya wuce kamar mita 34, domin daga nan oksijin ɗin kan zama guba, ya sa mutum jijjiga a ƙarƙashin ruwa.

Mu kuwa fenti muka dogara da shi, fentin da rana da jan ƙasa suka riga suka cinye. Tukwane kan zo a bayan a-kori-kura suna karo da juna, wata ba ko hula a kanta, babu mai tambayar yaushe aka gwada ƙarfinta. Da korona ta zo a 2020 irin waɗannan tukwane suka yi tsada, a 2021 kuma fashewarsu a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza ta kashe mutum 82. Har yau in na bi ta garejojin Sakkwato nakan ga yaro yana mirgina tukunya da ƙafa, hannunsa baƙi ƙirin da mai.