Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mu mutanen Sabon Birni da Isa mun fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin kuwa a bakin gulbi muka tashi. Gagare da Bunsuru suna haɗuwa su zama Gulbin Rima, sa'an nan Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Nijar, ya dawo ya zuba a cikinsa a nan wajenmu. Daga nan Rima ya nufi Goronyo da Sakkwato, har ruwansa ya kai Kwara. Da rani yaro yakan taka rairayinsa da ƙafa, da damina kuwa sai ya cika ya batse, ya raba uwa da ɗa. Abin da nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labari shi ne yadda na zaɓi wanda zai kai ni su a wannan gulbi, da abin da na koya a wajen zaɓen.

Asalin maganar daga aji ta fito. Wata rana malaminmu na labarin ƙasa yana koya mana manyan kogunan duniya, sai ya nuna mana hotunan waɗansu Turawa a Kogin Amazon na ƙasar Barazil. Ya ce attajirai ne daga Amurka da Turai. Sukan biya kuɗi masu yawa, su hau jirgin sama, su sauka su hau na ruwa, su shiga ƙurmin da ba hanyar mota, don kawai su kama kifi. In sun kama sai su auna shi, su ɗauki hoto, su mai da shi ruwa. Nan fa aji ya kaure da dariya. Wani ya ce, “Malam, ashe akwai mai wahalar su ya koma gida ba na miya?”

Malam ya bari muka gama dariya, sa'an nan ya ce mu sake duban hoton. A bayan kowane Bature akwai wani mutum ɗan ƙasar, riƙe da abin tuƙi, ba ya ko kallon mai ɗaukar hoto, idonsa yana kan ruwa. Ya ce wannan shi ne jagora, kuma in ba shi baƙon ba zai kama ko ɗan tsako ba, watakila ma ba zai koma gida ba. Ya ƙara da cewa ba sai an je Barazil ba. A arewacin Kamaru akwai Kogin Faro, wanda yake zuba a Binuwai, inda baƙi ke zuwa da rani neman giwan ruwa da tsage, su ma da jagora.

Akwai wani abu da ya faɗa wanda ya zauna mini a rai. A Amazon akwai wani ƙaton kifi da suke kira firaruku, tsawonsa yakan kai kusan mita 3, kuma ɗan'uwan ballinmu ne, wanda waɗansu ke kira bargi. Dole ne ya riƙa tasowa sama yana shaƙar iska. Masuntan wurin sun iya ƙidaya shi ta wannan tasowa, su bambance babba da ƙarami. Tun daga 1999 aka fara dogara da ƙidayarsu a wani yanki wajen yanke yawan da za a kama kowace shekara, kifin da ya kusa ƙarewa kuwa ya sake yawa. Watau masu digiri ne suka zauna suka koyi karatu wurin masunta. Sai na tambayi kaina, shin mu ba mu da irin waɗannan mutane a bakin Rima?

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, na kai wa mahaifina sakamakon jarrabawa, ya ji daɗi, ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce ina so a kai ni su. Ya yi shiru, ya ce, “To, hanya uku ce. Ka yi tunani, ka zaɓa da kanka, amma sai ka gaya mini dalili.”

Ta farko ita ce in jira bikin kamun kifi na Argungu. Ba wanda zai raina wannan biki. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Dubban masunta ke faɗawa Matan Fada a lokaci guda, ba su da kome sai koma da gora, kuma a bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Amma akan yi shi ne wajen Fabrairu ko Maris, muna tsakiyar karatu. Ban da haka, ɗan kallo zan zama a bakin gaɓa, ni kuwa so nake hannuna ya taɓa ruwa.

Ta biyu ita ce madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984. Can ruwa ba ya ƙafewa, kuma akwai jirage masu inji. Wani saurayi mai irin wannan jirgi, da ya ji labari a kasuwa, har gida ya biyo mu. Bakinsa da zaƙi. Ya ce, “Alhaji, ka ba ni shi kwana ɗaya tak, in bai dawo da giwan ruwa kamar tsawonsa ba, kada ka biya ni.” Mahaifina ya tambaye shi mutum nawa jirginsa yake ɗauka. Ya ce, “Ko nawa aka samu.” Ya tambaye shi ko yana da rigunan da ke hana nutsewa. Ya yi dariya ya ce ai shi a ruwa aka haife shi. Mahaifiyata tana jin su daga ɗaki. Da ya tafi ta tuna mana da jirgin da ya kife a watan Agusta na 2025 da mutum fiye da 50 a kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo. Ba ta ƙara kome a kai ba.

Ta uku ita ce wani tsohon masunci a wani ƙauye na bakin gulbi tsakanin Sabon Birni da Isa. Masu bandar kifi na kasuwa ne suka kwatanta mana shi, muka tambayi mutum uku dabam dabam, duka sunansa suka ambata. Muka same shi a gindin wata tsamiya yana ɗinkin birgi. Bayan gaisuwa mahaifina ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon bai yi maganar kuɗi ba, bai kuma yi maganar kifi ba. Ni ya duba.

“Yaro, ka iya ruwa?”

Na ce, “Na iya kaɗan, Baba.”

“Kana iya yin shiru tun hantsi har azahar?”

“Ina iyawa.”

“In na ce zauna, ka zauna? In na ce mu koma, ba ka tambaya ta dalili sai mun kai tudu?”

Na ce, “I, Baba.”

Mahaifina ya ce, “To, me zai kama?” Tsohon ya ce, “Alhaji, kihi na Allah na. Abin da ni ka iya yi maka alkawari, in sha Allahu, in maido maka ɗanka kahin la'asar.”

A hanyarmu ta komawa na gaya wa mahaifina na zaɓi tsoho. Dalilina shi ne, saurayin ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa, tsohon kuwa ya yi alkawarin abin da yake iyawa. Kuma wanda ya tsaya ya bincike ni kafin ya ɗauke ni, lalle yakan binciki ruwa kafin ya shiga. Mahaifina ya ce, “Ka biya.” Aka shirya kwana uku, kullum mu fita bayan asuba mu dawo da rana, domin kowa ya san halin da yankinmu ya shiga na 'yan bindiga, kwana a daji ba na mai hankali ba ne.

Ran farko, kafin in sa ƙafa a kwalekwale, ya ɗaura mini gora a ƙirji, ya sa na faɗa ruwa inda bai kai wuya ba, ya ga yadda nake yi. Lokacin ruwa ya ja baya, gulbi ya rabu gurbi gurbi, kifi ya taru a wurare masu zurfi. Ni duk ruwan ɗaya nake gani, shi kuwa karanta shi yake yi kamar allo. Inda ruwa ya yi duhu ya kwanta lif, ya ce rami ne. Inda yake ɗan murɗawa, ya ce akwai kututture a ƙasa, mai cin taru. Inda tsuntsaye suka yi layi a gaɓa, ƙananan kifi ne, manya kuwa suna bayansu. Ya hana ni wanka a wani tafki mai ciyawa da katantanwa, ya ce nan ake ɗaukar tsargiya. Abin da littafinmu na kimiyya ya faɗa ke nan daidai, shi kuwa bai taɓa shiga aji ba.

Kowane kifi muka kama sai ya ba ni tarihinsa. Ƙurungu yana da ƙaya uku masu kafewa, ga yadda ake riƙe shi. Minjirya ba a taɓa ta da hannu, sai ta girgiza mutum har kafaɗa. Gaiwa takan shige cikin laka in ruwa ya ƙafe, ta yi wata da watanni tana jiran damina. Balli yakan yi sheƙa da ciyawa kamar tsuntsu. Da muka jawo birgi da wata karfasa, ya buɗe bakinta ya nuna mini ƙwai cike, ya sake ta. Ƙananan duka ma ya mai da su. Na tuna dariyar da muka yi wa Turawa, na ce, “Baba, ashe kai ma kana mayarwa?” Ya ce, “Wanda ya ci iri, mi za ya shuka baɗi?”

Ran na biyu mun yi niyyar ƙetarawa zuwa wani gurbi a ɗaya gaɓar, inda ya ce akwai manyan ramboshi. Mun kai tsakiya sai ya tsai da jirgi, ya daɗe yana duban gaba. Ni ban ga kome ba. Ya juya kan jirgi ya ce, “Ba mu ƙetara yau.” Na tuna alkawarina, na kama bakina. Sai da muka kai tudu ya ce, “Ka ga mata masu wanki? Ka ga hayaƙi? Ka ji kukan jaki?” Na ce a'a. Ya ce, “Wurin da ya saba da hayaniya, in ya yi tsit, ba a tambaya tai dalili.” Ranar a gindin tsamiya muka wuni, ya koya mini ɗaurin ƙugiya da ɗinkin koma. Da na ba mahaifina labari da dare, sai ya ce kuɗin wannan rana sun fi na sauran halatta.

A nan gindin tsamiya ne ya gaya mini damuwarsa. Ya ce da can, in ruwa ya cika, kifi yakan hau gulbi tun daga ƙasa ya bazu cikin fadama ya yi ƙwai, amma tun da aka datse ruwa a Goronyo waɗansu irin sun yi wuyar gani a wajenmu. Ya ce yanzu akwai masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya, akwai kuma masu zuba maganin ƙwari a gurbi su kashe na ci da na bari, su sayar wa mutane guba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne 'ya'yansa duka sun tafi birni neman kuɗi, ba wanda ya tsaya ya karɓi abin da ya karɓa daga ubansa.

Ran na uku Allah ya ba mu sa'a. Mamarin da muka kafa ya kama tarwaɗa shida, ni kuma da hannuna na jawo wani ramboshi mai tsawon hannuna tun daga kafaɗa. Ba giwan ruwa ba ne, ba kuwa za a kai shi Argungu ba, amma gidanmu an sha romo har da maƙwabta. Kafin la'asar ina gida, kamar yadda aka yi alkawari.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na samo. In za ku shiga ruwa, ko don su ko don ƙetarawa zuwa kasuwa, ku fara duban mutumin kafin ku dubi jirgin. Ku tambayi mutanen gari game da shi. Ku tambaye shi mutum nawa yake ɗauka, in ya ce ko nawa, ku jira na baya. Ku tambaye shi yaushe ne ba ya shiga ruwa, in ya ce ba ranar, to, bai san ruwa ba tukuna. Mai yawan alkawari kuwa, ku bar shi da alkawarinsa.

Iyayenmu kuma ina roƙonku, kada ku ɗauka ilmi yana cikin aji kaɗai. Mutanen da baƙi ke ƙetare teku suna biyan kuɗi don su zauna a bayansu, muna da irinsu a nan, suna tsufa a gindin itatuwa ba mai tambayarsu. Ni dai na sayi littafin rubutu, na fara tara sunayen kifin Rima da halin kowanne, na kai 17. Duk wanda kakansa ko kawunsa masunci ne, ina neman taimakonsa, ya tambayo mini kafin hutu mai zuwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya kawo ranar da za a ƙetara gulbi ba tare da an tsaya sauraren kukan jaki ba. Amin.