Jirgin ƙanena mai farfela huɗu

Ya kai mai karatu, ka taɓa ɗora wa jaki mangala, gefe guda ya fi nauyi? To, ka riga ka san rabin labarin nan.

Bara ƙanena ya komo Garhanga daga cin rani da wani ɗan jirgi maras matuƙi. Faɗinsa bai wuce faifai ba, farfelarsa huɗu. Tsohonmu ya yi faɗa ƙwarai, ya ce an ba da kuɗin hatsi an sayo abin wasa. Ni ma haka na gani, amma na yi shiru. Ranar da aka fara kunna shi, ko tashi bai yi ba sai ya kife. Yara suka yi ta dariya. Daren nan ƙanena bai ci tuwo ba.

Da safe na ce masa, "Kawo takardar da ta zo cikin kwali." Rubutun ba na Hausa ba ne, amma zanen ya isa. A jikin kowace farfela akwai baƙi, ko A ko B. Biyu suna juyawa dama, biyu hagu. Masu juyi iri ɗaya ba su zama kusa da juna, sai kusurwa da kusurwa. Ashe ƙanena ya musanya biyu wajen haɗawa, suna tura iska sama maimakon ƙasa.

Muka gyara, ya tashi, amma sai ya riƙa janyewa hagu kamar jakin da na faɗa maka. A cikin jirgin akwai wata ƴar na'ura, ita ce ƙwaƙwalwarsa. Tana jin in ya karkata, sai ta ƙara wa injin gefen nan ƙarfi ya daidaita. Dubi mace da tulu a ka, wuyanta kullum yana gyara ba ta sani ba. Sai dai ita na'urar dole a nuna mata wuri mai daidai kafin a tashi, mu kuwa kan tudun ƙofar gida muka kunna ta. Na ɗauko allon ajinmu na shimfiɗa, na ɗora kwano cike da ruwa. Muka yi ta cusa tsakuwa ƙarƙashin allon har ruwan ya kai baki ko'ina. A nan muka aza jirgin muka saita shi.

Saura rawar jiki. Cikin wayar ƙanena akwai lambar da ke nuna ƙarfin gyaran da na'urar take yi. Shi da zafin kai, ya kai ta ƙarshe. In ta yi yawa jirgi ya yi ta karkarwa, in ta yi kaɗan ya yi nawa. Muka rage kaɗan-kaɗan, ina rubuta kowace lamba a littafi. Wata farfela kuma ta guntule a baki. Muka rataye ta a allura, gefen da ya yi sama muka liƙa masa ɗan salatif. Kwana 4 muka yi a kan wannan.

Na gaya wa tsoho cewa a 2016 wani ɗan Nijar, Aziz Kountché, ya yi taswirar sansanin ƴan gudun hijira na Sayam Forage, a jihar Diffa, da jirgin da ya ƙera da kansa. Tsoho ya ce, "Wancan ya ƙera, naka ya saya."

Kafin mu fita da shi sai da muka nemi izinin hukuma. Kai ma kada ka tashi irinsa ba izini, zamanin nan ba na wasa ba ne.

Da sassafe muka je gona, kafin iskar hunturu ta taso. A saman gonarmu akwai jerin duwatsun tare ruwa, irin waɗanda aikin Keita ya kawo tun daga 1984. Shekara biyu kwazazzabo yana cin gonar, ba mu gane inda ruwan yake ɓullowa ba. Jirgin ya tsaya cik a sama. Cikin waya muka ga wuri uku da jerin ya karye, can bayan ƙaya inda ba mai bi.

Tsoho ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ce wa ƙanena, "Gobe ka ɗaura amalanke, mu kwaso duwatsu."